Yadda nake zana fuska a kan ɗan guntun ƙashi

Fuskar mahaifiyata ce na fara zanawa, a kan wani ƙashi da bai kai tafin hannun jariri ba. Sana'ar a kan hauren giwa aka fi saninta. Rosalba Carriera, wata mai zane ta birnin Benis a Italiya, ita ta yaɗa zane a kan haure a farkon shekarun 1700, tana zane a kan murfin ƴan akwatunan taba. Turawa suka riƙa rataya fuskokin masoyansu a wuya har hoton kyamara ya fito a 1839, kasuwar ta fara mutuwa. Ni dai ba na taɓa haure. Tun 1989 yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai a duniya, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, kuma giwayen da suka rage mana a gandun dajin W sun fi kowane zane daraja. Ƙashin ƙafar raƙumi ko na sa nake saye wurin mahauta nan Yamai.

Ka dafa shi sosai, ka kankare, ka shanya a rana har ya yi fari. Sai ka yanko falle siriri, ka goge da takarda mai yashi, mai kaushi tukuna, sannan mai laushi. Maiƙo ne babban abokin gaba, don fentin ruwa ba ya zama a kansa, sai ya dunƙule kamar raɓa a ganye. Ka raba ƙwayar tafarnuwa biyu ka shafa, ka bari ya sha iska. Daga nan kada yatsanka ya sake taɓa wurin. Ta gefe ake riƙewa.

Fentin kuwa, ka ɗiga masa ruwan ƙaro kaɗan. Ƙaron nan namu na dakwara shi ke sa launi ya kama. In ya yi yawa, zane zai tsage.

Ƙashi ba ya shan ruwa kamar takarda. In ka ja buroshi sau biyu wuri ɗaya, na biyun zai kwashe na farkon. Don haka ɗigo-ɗigo ake yi da bakin buroshi, kusan a bushe, ka jira, ka ƙara. Turawa sukan bar farin haure ya zama fatar mutum. Mu fatarmu tana son haƙuri: ja-ja mai ruwa a ƙasa, launin ƙasa bisa, hawa biyar ko shida, ka bar hasken ƙashi a goshi da karan hanci da saman kunci kawai. Ranar da na bar ɗigon fari a idon Inna, ranar ta dube ni daga cikin ƙashin.

Ka kiyayi hunturu. Nawa na biyu na bar shi kusa da taga, da safe na tarar ya lanƙwashe ya dare biyu. Yanzu da na gama nake manna bayansa a kwali, in rufe da gilashi, in liƙe gefen.