Yadda likitan dabbobi zai tsare zuciyarsa ranar da bisa ta mace a hannunsa

Daga Afrilu zuwa saukar ruwan farko, ma'aikacin kiwo a jihar Tawa ya san abin da ke jiransa: shanu kwance daga Abalak har Cintabaraden, ciyawa ta ƙare, buhun dusa ya yi tsada, waya ba ta barin mutum ya runtsa. Sabbin shiga a wannan lokacin suke karaya, kuma galibi bakinsu ne ke jawo musu.

Da farko, kame bakinka kafin ka zare allura. Makiyayi zai tsare ka da ido ya ce, "Likita, za ta tashi?" Tausayi zai sa ka ce za ta tashi. Kada ka faɗa. Saniyar da ta kwana biyu a ƙasa, ido ya zurma, fatar wuya in ka ja ba ta komawa, sai an taru an ɗaga ta, wannan tana tsakanin rai da mutuwa. Gaya masa haka a gaban wani dattijo na gidan: "Baba, ga abin da na gani. In mun yi magani, tana iya tashi, tana iya mutuwa. In yanka kake so, yanzu ne." Dalili kuwa, da zarar ka yi mata oxytetracycline, allurar kashe ƙwayoyin cuta mai dogon aiki, namanta ba ya ciwuwa sai bayan makonni, kwanakin suna rubuce a jikin kwalbar. Wanda ya yi allura bai yi wannan bayani ba ya hana mai dabba nama, ya ci kuɗinsa, ga mushe. Wannan nauyin ne ke hana yaro barci har ya fara tsoron ɗaga waya. Bari mai dabba ya zaɓa da bakinsa. Wuri ɗaya ne babu zaɓi: in ana zargin ciwon saifa, wanda ke kama mutum ma, jini baƙi yana fita ta hanci da dubura ba ya daskarewa, ba yanka, ba fiɗa, ko da za a zage ka.

Maganar kuɗi ma a gama ta tun dabba na numfashi. Bin bashin magani bayan ta mutu ya fi komai cin rai, sau da yawa kuma sai ka biya daga aljihunka.

In ta mace, tsaya ka yi jaje, "Allah ya mayar da alheri," kada ka hau babur ka sulale. Da ka koma gida, rubuta abu 3 a littafinka: yaushe ta kwanta, yaushe aka kira ka, me ka ba ta. Za ka ga sau tari an kira ka ne bayan an gama gwada maganin kasuwa. In kuskuren naka ne, kira wanda ya girme ka a aikin a daren, ku warware shi.

Sauran ka san su. Sha ruwa, ci abinci kafin ka fita daji, ku raba kwanan waya da abokin aiki. Tramol don kashe gajiya, kada ka ko fara. In ka yi mako 2 ba barci, ba cin abinci, ko tunanin halaka kanka ya fara zuwa, miƙa wa wani makullin akwatin magunguna, ka gaya wa na kusa da kai, ka tafi asibiti a ranar.