Yadda Ake Zaɓen Kaurin Wayar da Ke Kai Wuta Cikin Gida a Katsina

Wayar da ta taso daga mita zuwa akwatin rarraba wuta ita ce ke ɗauke da nauyin gidan gaba ɗaya. Idan ta yi siriri za ta riƙa zafi a cikin bango ba wanda ya sani, robar jikinta ta bushe ta tsage, wata rana gobara ta tashi. Don haka kaurinta lissafi ake yi masa, ba a kwaikwayon na maƙwabci. Daga turke zuwa mita hurumin kamfanin rarraba wuta na KEDCO ne. Abin da ke bayan mita shi ne ya rataya a wuyan mai gida da mai yi masa wayarin.

Fara da rubuta duk abin da zai ci wuta. Misali gida mai na'urar sanyaya ɗaki biyu masu ƙarfin doki ɗaya da rabi, wat 2,400 a haɗe, hita 1,500, risho na lantarki 2,000, dutsen guga 1,000, firji da firiza 400, injin rijiyar burtsatse 750, fitilu da fankoki da talabijin 950. Jimla wat 9,000. Wutar layi ɗaya a Najeriya bolt 230 ce, sai ka raba 9,000 da 230, ka samu kusan ampiya 39.

Littattafan sana'a sun yarda a rage wani kaso bisa zaton ba za a kunna komai lokaci guda ba. A nan ban ba da shawarar a rage da yawa ba. Da an kawo wuta kowa tashi yake, mai guga ta jona, a tayar da injin ruwa, firiza da ta huce ta kama aiki, duk a cikin awa ɗaya. Ka bar 39 ɗin yadda yake, ka zaɓi bireka, wato na'urar da ke katse wuta idan nauyi ya yi yawa, mai ampiya 50 saboda injina da abin da za a ƙara nan gaba.

Ƙa'idar ita ce: bireka kada ta gaza abin da gida ke ja, waya kuma kada ta gaza bireka. Bireka waya take karewa. Idan ka ɗora bireka mai 50 a kan wayar da ƙarfinta 41 ne, wayar za ta dahu bireka ba ta faɗi ba.

A jadawalin BS 7671, littafin ƙa'idojin wayarin na Birtaniya wanda masu sana'ar nan suka saba aiki da shi, wayar tagulla mai rufin PVC da aka zura a bututu tana ɗaukar ampiya 41 idan faɗin bakinta murabba'in milimita 6 ne, 57 idan 10 ce, 76 idan 16 ce, 101 idan 25 ce. To amma a nan ne mutane da yawa ke zamewa, domin waɗannan alƙaluma an gina su ne a kan zafin digiri 30. Katsina a watan Afrilu da Mayu tana haura 40, balle cikin silin ƙarƙashin kwano da tsakar rana. A digiri 40 ana ninka ƙarfin wayar da 0.87, a 45 da 0.79, a 50 da 0.71. Mu ɗauki 45. Milimita 10 ta koma ampiya 45, ta gaza birekarmu ke nan, ko da yake a takarda ta yi kamar ta isa. Milimita 16 ta koma 60, ita ce ta dace. Idan kuma an cusa layi biyu a bututu guda, kowanne da wayarsa mai wuta da ta dawowa, a sake ninkawa da 0.8, domin suna dumama juna.

Sai tsawo. Kowace mita ta waya tana cin wani abu daga ƙarfin wutar: milimita 10 tana zubar da milibolt (kashi ɗaya cikin dubu na bolt) 4.4 a kan kowace ampiya a kowace mita, milimita 16 kuma 2.8. A gida mai faɗin fili inda mita ke zaure, akwatin kuma yana can ciki nisan mita 40, milimita 16 za ta zubar da bolt 4.4, milimita 10 kuma bolt 6.9. Iyakar da aka yarda wa fitilu kashi 3 cikin 100 ce, wato bolt 6.9 daidai, sauran kaya kashi 5. Ka ga milimita 10 ta cinye rabon fitilu tun wutar ba ta bar akwatin ba. A unguwar da wuta ke zuwa da rauni dama, wannan asarar ce ke hana na'urar sanyaya ɗaki tashi, har injinta ya ƙone.

Wayar nutiral, wato wadda wuta ke dawowa ta cikinta, kaurinta ɗaya da mai wuta, kada a rage ta don tsimin kuɗi. Ta at ma, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta ɓalle cikin ƙasa, idan babbar wayar ba ta wuce milimita 16 ba, a yi ta daidai da ita, a ɗaure ta sosai a sandar da aka kafa a ƙasa. Wayar da ta bi ta canjin janareta ita ma tana cikin wannan lissafi.

Mai son alminiyam saboda araha ya sani kaurinta sai ya ninka na tagulla kusan sau 1.6, inda tagulla 16 ta isa sai ya sa 25. Kada a murɗe ta da tagulla kai tsaye, mahaɗin yana cin kansa ya yi sako-sako ya fara tartsatsi. Akwai kan waya na musamman da ake haɗa su da shi. A kasuwa kuma a kankare bakin wayar da wuƙa kafin a biya. Idan fari ya bayyana a ƙarƙashin ja, alminiyam ce aka shafa wa tagulla, kuma duk alƙaluman da ke sama ba su shafe ta ba.

Gidan da lissafinsa ya haura ampiya 60 gara ya nemi layi uku a raba nauyin daidai. Aikin kuma a ba wanda ke da lasisin NEMSA, hukumar da ke duba ingancin aikin lantarki a Najeriya, ya gwada rufin wayar da ƙarfin at ɗin da na'ura kafin a saki wuta.