Darasi na 9: Awa Nawa Waya Take Ci Maka a Rana?

A shekarar 2001 wayar salula ta shigo Najeriya. Masu shekaru a ajin nan za su tuna lokacin da layi kansa ya fi ƙarfin talaka, ana bin layi a ƙarƙashin lema don a yi kira na minti ɗaya. Yau mai shayi yana karɓar kuɗi ta waya, mai ɗinki tana tallar kayanta a WhatsApp, manomi yana jin farashin masara a Dawanau bai bar gonarsa ba. Saboda haka ba wanda zai ce maka ka jefar da wayarka. Darasin yau na awo ne. Mai hatsi ba ya sayarwa sai da mudu, haka shi ma lokaci.

Mu fara da lissafi

Ɗauki fensir. A ce kana latse-latsen waya awa 3 kullum, ban da kiran sana'a. A mako awa 21 ke nan. A wata mai kwana 30, awa 90. A shekara kuwa awa 1,095. Raba wannan da 24, za ka samu kwana 45 da 'yan awoyi. Wata ɗaya da rabi cur, dare da rana, ido a kan gilashi.

Sai kuɗi. Idan kana sa data ta naira 500 kullum, a wata naira 15,000 ta tafi. Ba ka jin zafinta don kaɗan-kaɗan take fita, kamar tulu mai yoyo. Rubuta naka adadin a littafinka, ka ƙara da kuɗin caji idan a shago kake yi. A farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100, don haka lissafin da ka sani a da ya riga ya canja. Danna *323# ka ga ragowar datarka, kowane layi kake da shi.

Me ya sa ajiye ta yake da wuya?

Mutane da yawa suna zargin kansu da rashin zuciya. A ganina zargin ya yi yawa. Littafi yana da shafin ƙarshe, shirin rediyo yana da lokacin sallama, amma TikTok da Facebook ba su da gindi: ka ture bidiyo ɗaya, wani ya hau. Da gangan aka ƙera su haka. Kamfanonin da talla suke samun kuɗi, kuma gwargwadon daɗewarka gwargwadon tallar da za ka gani. Manhajar tana lura da inda ka tsaya. Ka kalli dambe sau biyu, gobe dambe za ta jibgo maka. Ka tsaya a rigimar wasu ma'aurata, to ka samu abokin hira har asuba. Ga kuma ƙarar saƙo da 'yar jar alamar nan mai lamba, masu kiranka ko kana tsakiyar cin tuwo.

Wani tela a wani aji irin wannan ya rantse bai fi awa ɗaya yake yi ba. Da aka duba masa, abin ya ninka haka sau da yawa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe shi ya sa ɗinkin sallah yake kwana." Duk ajin aka yi dariya, amma da aka zo duba na sauran, dariyar ta ragu.

Duba naka

Wayar da kanta tana rubuta lokacin da ka ɓata a kanta. A wayoyin Android, irin su Tecno da Infinix da Samsung, shiga Settings, ka nemi inda aka rubuta Digital Wellbeing. A iPhone sunansa Screen Time. Tun 2018 aka fara sa su. Za ka ga awoyin yau, da manhajar da ta fi cinye su. Idan Turancin ya yi maka wuya, malamin aji ko ɗanka zai nuna maka sau ɗaya, daga nan ka iya. A nan ne kuma ake sa wa manhaja iyaka, misali minti 30 a rana. Lokacin na cika sai ta rufe. Gaskiya kana iya sake buɗe ta, ba kwaɗo ba ne, tuni ne kawai.

Abin da ya fi aiki shi ne nisa. Wayar da ke ƙarƙashin matashi za a taɓa ta. Wadda ke caji a falo ko cikin akwati, sai an tashi. Babba yana buƙatar barcin awa 7 ko fiye, saurayi da budurwa awa 8 zuwa 10. Wanda ya kwanta ƙarfe 1 na dare, ya tashi asuba, kowa ya san yadda zai wuni a kasuwa ko a aji. Datar dare mai araha ita ce babban tarkon. Idan don tashin asuba kake kwana da waya, ƙaramar nan mai tocila ta isa. Kashe ƙarar guruf-guruf, ka bar ta kira kawai. Guruf ɗin da ka yi wata ba ka ƙaru da komai a cikinsa ba, yi musu sallama ka fita.

Batun yara

A nan iyaye suka fi kuka, kuma a nan aka fi yin kuskure. Uba ya shigo, ya fizge waya, ya yi faɗa, sannan ya zauna a tabarma ya ciro tasa. Inda saniyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya take sha. Ƙwace waya kawai yakan sa yaro ya koma aron ta abokinsa a waje, inda ba idon kowa.

Saurari yadda wata uwa ta yi da 'yarta mai shekara 15.

"Zo nan, 'yan mata. Nuna min nawa, in ga naki."

"Umma, naki awa 4 ne fa!"

"Na gani. To daga yau bayan isha'i ni da ke duk a kwandon nan za mu ajiye. Wadda ta karya, ita ke wanke-wanke."

"Har Baba?"

"Shi ma zan yi masa magana."

Dokar ta zauna ne don ta hau kan kowa. Ka sani kuma, Facebook da Instagram da TikTok da kansu sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, ko da yake yara suna ƙara wa kansu shekaru su wuce. Faransa ta hana ɗalibai amfani da waya a firamare da ƙaramar sakandare tun 2018. Ostareliya ta yi doka a 2024 da ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 mallakar shafi a kafafen sada zumunta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da jariri gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Mai miƙa wa goyonta waya don ya yi shiru ta yi girki, wannan da ita ake.

Ka tambayi yaronka abin da yake kallo, ba cikin tsawa ba. Ka gaya masa kada ya tura hotonsa ga wanda bai sani ba, kada kuma ya ba kowa lambar sirri da aka turo masa, ko an ce daga banki ne.

Aikin gida

Ja layi 7 a littafinka, Asabar zuwa Juma'a. Kowane dare rubuta awoyin da wayarka ta nuna da kuɗin datar ranar. Haɗa jimla a ƙasa. Zaɓi lokaci guda da ba za a taɓa waya a gidanku ba, ka rubuta shi da manyan baƙaƙe, ka manna a bango. Ka zo da littafin mako mai zuwa, za mu karanta na kowa a allo, har da na malam.