Yadda ake sa ƙaramar hukuma ta gyara kwalbatin da ya zama tarko

Tun da rufin babban masallacin fadar Zazzau ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023 ban ƙara raina tsagewar bango ba. Amma na lura matasanmu in sun ga kwalbati ya zaizaye, ƙarafunansa sun fito waje, sai su ɗauki hoto su watsa a Facebook, a yi Allah wadai na kwana biyu a watse. Haka ba ya buɗe fayil a ofis.

Fara gano mai abin. Samaru da Hanwa da Muciya na ƙaramar hukumar Sabon Gari ne, Tudun Wada da Gyallesu da cikin birni kuwa na Zariya. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da lunguna da magudanan ruwa da kasuwanni da tashoshin mota, amma babban titin Kaduna zuwa Kano na tarayya ne, kada ka ɓata kuɗin acaɓa.

Daga nan sai wajen mai unguwa. Kada ka tsallake shi. Takardar da ba sa hannunsa da na liman da mutum goma na unguwa, ƙorafin mutum ɗaya ce. Shafi ɗaya ya isa, zuwa ga ciyaman, kofi ga kansila da daraktan ayyuka. Faɗi sunan layin da alamar da ke kusa, da cewa 'yan Islamiyya suna bi ta kai safe da yamma. Hoton a wanke shi, a tsayar da sanda a cikin ramin don a ga zurfinsa.

To ga inda muka sha ƙasa. Mun taɓa miƙa takardarmu ga wani ma'aikaci a bakin baranda, ya karɓa da fara'a ya cusa a aljihu. Bayan wata biyu muka koma, babu wanda ya san da ita, mu kuma ba shaida. Kafin nan ruwan Agusta ya cinye rabin kwalbatin, wani mai kurar ruwa ya afka ya karye a ƙafa. Saboda haka ka yi fotokofi uku, ka kai ofishin rajista da ke sakatariya da ƙafarka, ka tsaya har a buga wa kofinka hatimi, da kwanan wata da sa hannun wanda ya karɓa. Ko an ce mai hatimin ya fita, zauna ka jira shi. Wannan kofin shi ne makaminka, ka sa shi a leda.

A ganina da rani ake kai takarda, in damina ta sauka za a ce a jira ruwa ya ɗauke. Bayan mako biyu ku koma ku uku da kofin, ku nemi injiniya ya zo ya duba. In shiru ta yi yawa, a tuna wa kansila, a sanar da hakimi, sai gidan rediyo. Kafin su zo, ku kewaye ramin da tsofaffin tayoyi da jan ƙyalle saboda masu tafiyar dare.