Yadda na cike rolar katafila ba ta tsage ba

Rolar katafilar maigidana, wato ƙarfen da sarƙar katafila ke bi ta kansa, ta cinye har sarƙa na zamewa, sabuwa kuma ta fi ƙarfinmu. Na kawo ta rumfata a Panteka. Karon farko na yi gaggawa, na zuba wayar walda mai tauri kan ƙarfe mai sanyi. Da safe sai ga tsaga siririya kamar gashi. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Na gurje waldar kaf, na cire sil (robar da ke hana mai zuba) da bushin (zoben ƙarfen da ke cikin rolar), na gasa rolar da wutar gas. Na cike ramin da wayar walda mai lamba 7018, ina jujjuya rolar don kada zafi ya taru wuri ɗaya. Waya mai taurin kuwa, shimfiɗa biyu kacal na ɗora. Na binne rolar cikin busasshen yashi ta kwana tana hucewa. Yanzu tana aiki a Rigachikun.