Yadda nake koya wa yaran Aboabo darasin tsibiran Fasifik

Shekarar farko da na koyar da wannan darasi a nan Kumasi, taswira na rataya ina nuna ɗigo-ɗigon tsibirai. Kafin minti goma rabin ajin na gyangyaɗi. Don haka, malam, ajiye taswirar tukuna, ka fara da abin da yaro ya taɓa kai wa baki.

Tambaye su wa ya taɓa sayen cofi a Nsawam, soyayyen gindin talotalon nan da ake miƙowa ta tagar mota. Hannuwa za su tashi, har da dariya. Sai ka gaya musu wannan kitsen ne ya cika kasuwar Samoa, har gwamnati ta hana shigo da shi a 2007, daga baya ta janye hanin saboda sharuɗɗan shiga ƙungiyar ciniki ta duniya. Mutanen da kakanninsu suka rayu da kifi da gwaza da kwakwa sun koma kan shinkafa da naman gwangwani, ciwon sukari ya bi su har gida.

Nauru ce wurin da nake daɗewa. Duk faɗinta murabba'in kilomita 21 ne. An fara haƙar fosfat, ma'adinin takin zamani, tun farkon ƙarni na 20. Bayan samun 'yanci a 1968 kuɗi suka shigo kamar ruwan sama, aka daina kamun kifi da noma, komai sai na jirgi. Da ma'adinin ya ja baya, kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar ya zama ramuka da tsinin duwatsu. Ba na dogon bayani. Nakan ce su tuna launin ruwan kogin Pra tun da galamse, wato haƙar zinari ba bisa ƙa'ida ba, ta shige shi, sai ka ji aji ya yi tsit.

Sai ƙaura. Wa ke da ɗan'uwa boga, wato mazaunin ƙasar waje, da ke turo kuɗi? Kusan kowa. To, mazauna tsibirin Niue ba su kai 2,000 ba, alhali 'yan asalinsa fiye da 30,000 suna New Zealand. Wata yarinya ta taɓa cewa, "Malam, kamar 'ya'yan kawuna na Amurka, ko sannu ba su iya ba." Ta riga ni kai wa batun harshe.

Zancen addini kada ka ja shi: 'yan mishan na Metodis sun kafu a Tonga a shekarun 1820, yau doka ta hana ciniki ranar Lahadi.

Teku nake barin wa ƙarshe, da hoton gidajen Keta, garin bakin tekun Ghana, da ruwa ya ci. Tuvalu ma teku na barazanar cinye ta, ta ƙulla yarjejeniya da Ostareliya a 2023, mutum 280 za su iya komawa can kowace shekara. Yanzu ne za ka ɗauko taswirar. Aikin gida kuwa, kowa ya tambayi kakarsa abin da ake ci a zango tana yarinya, ya rubuto shafi ɗaya ranar Litinin.