Yadda ake sayar da tsohuwar wuƙar maƙera a Kumasi

Wuƙar da nake nufi ita ce wadda maƙeri ya ƙera da hannunsa, mai ƙota da kube, wadda ba ta ninkewa. Da yawa irinta a Aboabo da Asawase daga sifirin na tsohuwar mota aka fitar da su, irin wanda ake samu a Suame Magazine, unguwar makanikai da kayan mota. Ƙarfe ne mai riƙe kaifi, amma ba ya shiri da danshi, kuma Kumasi garin ruwa ne.

Fara da wanke ta da sabulu, ka goge ta bushe ƙarau. Jar tsatsa ka bi ta da lallausar sanfefa da ɗan mai, a hankali. Baƙi-baƙin nan da ƙarfe ke yi saboda daɗewa yana yanka nama da albasa kuwa, bar shi. Ba datti ba ne, yana ma rage kama tsatsa, kuma mahauci na kallonsa zai san wuƙar ta yi aiki.

Ina roƙonka, kada ka kai ta injin wasawa. Na taɓa miƙa wa wani mai inji wuƙar fiɗar da na gada wajen kawuna, ina tsaye tartsatsi na tashi, kafin in ce a'a bakinta ya yi shuɗi. Zafi ya kashe taurin ƙarfen, daga ranar ko rago ɗaya ba ta gamawa sai an sake wasa ta. Har yau abin na damuna. Ka nemi dutsen wasa da ruwa, ka zauna ka bi gefe biyu daidai, har ta yanka tumatir nunanne ba tare da ta matse shi ba.

Sai ƙota. Riƙe ta ka girgiza, in ka ji motsi to ƙusa ta saki, maƙeri zai ɗaure ta nan take. Duba ko ƙarfen ya ratsa ƙotar har ƙarshe, don irin wannan ta fi daraja. Kuben fata a shafa masa man kaɗanya kaɗan, in ɗinki ya warware baduku ya gyara. Amma kada ka ajiye wuƙar a cikinsa kafin mai saye ya zo, fata na riƙe danshi.

Wajen kuɗi, je ka tambayi maƙera biyu ko uku nawa sabuwa irinta take yau, ka sauko ƙasa da haka gwargwadon yadda bakin ya cinye, ka bar wurin ciniki. In ka san wanda ya ƙera ta ko akwai tambarinsa a jiki, faɗa. Lokaci ma ciniki ne: makonni biyu kafin Babbar Sallah kowa na neman wuƙar layya.

Masu sayen kirki suna kusa da kai: mahauta, masu tsire, masu tuwo da waake, sai maharba. Ɗauki hoto da hasken safe, gefe biyu, da ƙota, da kube, ka ajiye abin awo a gefe don a ga tsawo, ka sa a WhatsApp. In akwai gatsa a baki ko tsagewa a ƙota, ɗauke shi kusa-kusa ka nuna. Wasu shafukan talla ba sa karɓar abin da ya yi kama da makami, karanta ƙa'idarsu tukuna.

Ranar haɗuwa, naɗe ta a kube da tsumma, ka sa can cikin jaka. Dokar laifuka ta Gana ta 1960, sashe na 206, ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba da izini ba, saboda haka ba a zare ta a motar haya ta trotro ko tsakiyar kasuwar Kejetia. Mafi sauƙi ku haɗu a rumfar mai sayen, da rana. Miƙa masa ta ƙota, ka bar shi ya gwada a kan nama. In ya taya ƙasa, "Albarka, Baba, ƙara dai" ta isa. Yaro ƙarami, ko wanda ya kasa faɗin aikin da zai yi da ita, kada ka sallama masa ko nawa ya bayar.

In ta MoMo zai biya, wato tura kuɗi ta wayar MTN, kada ka yarda da saƙon da ya nuna maka a wayarsa, ko ma wanda ya shigo taka. Danna *170# ka ga sidinka sun shiga, sannan ka miƙa wuƙar, ka gaya masa ya riƙa shanya ta yana shafa mata mai bayan kowane aiki.